Tsokaci a Kan Harshen Neman Yarda a Binciken Likitanci na Asibitin Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Duk asibitin da ake kira na koyarwa yana ɗauke da ayyuka uku ne a lokaci guda, wato kula da marasa lafiya, da horar da ɗaliban likitanci, da kuma bincike. Na farko da na biyu kowa yana ganin su da zarar ya shiga ƙofar asibitin. Na ukun kuwa ba ya fitowa fili, ba don ana ɓoye shi ba, sai don kamanninsa ɗaya da na farkon. Likitan da ke bincike farar riga yake sanye da ita, a ɗakin duba marasa lafiya yake zaune, kuma ƙwaya yake miƙawa kamar kowane likita. Babu abin da zai bambance wa uwar yaro tsakanin mai yi wa ɗanta magani da mai nazarin magani a jikin ɗanta in ban da abin da aka faɗa mata da baki. Ke nan, a wurin mara lafiya, iyakar da ke tsakanin jinya da bincike iyaka ce ta harshe.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wata takarda da wani abokin aiki daga asibitin koyarwa na jami'ar da nake aiki, a nan kudancin ƙasar, ya kawo mini. Takardar neman yardar masu shiga bincike ce, an fassara ta zuwa Hausa domin Hausawan da ke zaune a sabon gari da 'yan kasuwar kara. Roƙonsa kawai in duba masa ƙa'idojin rubutu. Na ɗauka aikin sa'a guda ne na mayar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Da na karanta sai na tarar rubutun da sauƙi, ma'anar ce ke da gyara. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda irin wannan bincike yake gudana, ta hanyar ɗaukar misali guda na haƙiƙa, sannan ta nuna wuraren da Hausar da ake amfani da ita takan kasa ɗaukar nauyin da aka ɗora mata.

2.0 Yadda Binciken Yake Gudana

Misalin da za mu ɗauka shi ne binciken da aka yi wa laƙabi da SPRING, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka gudanar tare da Asibitin Murtala da ke Kano da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, da haɗin guiwar Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Batunsa shi ne hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini.

Sikila ciwo ne da yaro yake gada daga uwa da uba baki ɗaya. Jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su riƙa toshe hanyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Nijeriya. Daga cikin mafi munin abin da yake jawowa akwai lalacewar jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, wadda takan sa ɓarin jikin yaro ya shanye tun bai kai shekara goma ba. Akwai na'ura mai aiki da amon sauti da ake ɗorawa a gefen kan yaro ta auna saurin gudun jini a waɗannan jijiyoyi. Kamar dai ruwan rafi ne, inda hanya ta tsuke nan gudu yake ƙaruwa. Idan saurin ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, to, cikin yara goma masu irin wannan awo, kusan ɗaya ne ɓarin jikinsa zai shanye a cikin shekara matuƙar ba a yi wani abu ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa yi wa irin waɗannan yara ƙarin jini kowane wata yana rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin 100. Sai dai ƙarin jini wata-wata, shekara da shekaru, ba abu ne da talakan ƙasar nan zai iya ba, kuma jinin kansa ba ya wadata.

Saboda haka aka juya ga wata ƙwaya mai suna haidiroksiyuriya, wadda ake sha kullum, mai ƙara wa jini wani sinadari irin na ɗan tayi da ke hana ƙwayoyin jinin lanƙwashewa. Tambayar da binciken ya sa a gaba ita ce: wanne ya fi kariya, miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin yaro, ko miligiram 20? Daga watan Agusta na 2016 zuwa Yuni na 2018 an ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 masu wancan awo mai haɗari. Aka raba su gida biyu, 109 a kan ƙaramin awo, 111 a kan matsakaici. Ba likita ne ya zaɓi gidan da kowane yaro zai faɗa ba, kuma shi da iyaye duk ba su san awon da yaron yake sha ba. Ba a bar wani rukuni ba magani ba, domin an riga an san abin da ke jiran yaron da aka bari haka. Wani kwamiti mai zaman kansa yana leƙa alƙaluma lokaci-lokaci, kuma an tsayar da binciken kafin wa'adinsa da aka ga ci gaba ba zai fitar da bambanci ba. A sakamakon da aka buga a mujallar Lancet Haematology a 2022, yara 3 ne ɓarin jikinsu ya shanye a rukunin farko, 5 a na biyu, tazarar da ba ta isa a ce wani awo ya fi wani ba, ko da yake 'yan rukuni na biyu sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Abin lura a nan shi ne, masu binciken sun shiga ne da zaton babban awon zai fi, sai alƙaluma suka ƙi gaskata su. Wato da gaske ne ba su san amsar ba. Wannan rashin sani shi ne ginshiƙin kowane bincike na gaskiya, kuma shi ne abu mafi wuyar faɗi ga uwar da ta goyo ɗanta tun daga ƙauye saboda ta tabbata likita ya sani.

Ba kowane bincike ne yake bin wannan siga ba. A binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka buga a 2023, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Nijeriya, asibitoci ne aka raba gida biyu ba ɗaiɗaikun mata ba, a ƙasashen Kenya da Nijeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya. Amma inda ɗaiɗaikun mutane ne ake ɗauka, matakan da muka gani a sama su ne akan bi, kuma kowane mataki sai an bayyana shi ga mai shiga kafin ya sa hannu.

3.0 Inda Kalmomi Suke Tuntuɓe

3.1 Bincike, Gwaji da Magani

Kalmar "bincike" tana da gidaje da yawa. 'Yan sanda suna bincike, mai neman aure yana binciken asali, likita ma yana bincike don gano abin da ke damun mutum. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce za ta fara zuwa zuciyar wanda ke zaune a asibiti. In aka ce masa "muna so mu yi bincike a kan ɗanka", abin da zai ji shi ne za a ƙara tsananta duba yaron, kuma babu uban da zai ƙi haka. Ya yarda, amma da wani abu dabam ya yarda.

"Gwaji" ya fi kusa da manufa, sai dai shi ma baki biyu gare shi. Gwajin jini da gwajin fitsari abubuwa ne na yau da kullum da ba su da alaƙa da nazarin magani. A ɗaya ɓangaren kuma, da zarar an ce gwajin magani a jikin mutum, Bahaushe yana da hoton da ke jiransa, wato zakaran gwajin dafi, wanda ake soka wa kibiya a ga ko dafin ya yi. Masu fassara sun san da wannan, shi ya sa suke gudun kalmar su fake da "bincike". A nawa ra'ayin wannan gudu kuskure ne. Gara a faɗi kalmar da za ta sa mutum ya ja baya ya yi tambaya, da a faɗi wadda za ta shigar da shi ido rufe.

Ita kuwa "magani" ta fi su duka rikitarwa, domin a nahawunta ma akwai alkawari. Maganin ciwon kai yana kawar da ciwon kai, maganin ɓera yana kashe ɓera, maganin ƙarfi yana kawo ƙarfi. Ko ta ina aka juya, abin da aka kira magani abu ne da aka san yana aiki. Don haka "maganin da ba a tabbatar yana magani ba" magana ce mai cin karo da kanta a kunnen Bahaushe. A takardar da aka kawo mini na ƙirga wurare da dama da aka rubuta "sabon magani", alhali kuwa sabon abu a kasuwa yabo ne. Inda ba a tabbatar da amfani ba, ya fi dacewa a ambaci siffar abin, a ce ƙwaya ko allura ko ruwan da ake gwadawa, a ajiye "magani" sai ga wanda aka riga aka tabbatar.

Hatta sunan wanda ake binciken a jikinsa bai zauna ba. "Majinyaci" a bakin wasu mara lafiya ne, a bakin wasu kuma mai zaman jinyarsa, ga shi a binciken yara su biyun duk suna cikin takarda. "Ɗan sa-kai" da ya yi daidai, amma tashin hankalin da aka sha a Zamfara da Katsina ya mayar da kalmar ta mai ɗauke da bindiga.

3.2 Ƙuri'a

Raba yara gida biyu ba tare da zaɓin kowa ba shi ne zuciyar binciken, domin da likita ne ke zaɓa, da sai ya tura masu tsananin ciwo inda ransa ya fi kwanciya, sakamakon ya gurɓace. Kwamfuta ce take yin rabon. A nan fassara takan faɗa ɗayan ramuka biyu. Ko dai a ce "za a zaɓi rukunin da ɗanki zai shiga", wanda ke nuna akwai mai zaɓe da ya duba ya ga abin da ya dace da yaron, ko kuwa a kwatanta da wurga kwabo sama kamar yadda takardun Turanci suke yi, abin da a wurinmu caca ce tsagwaronta.

Alhali Hausa tana da kalmar da ta dace, wato "ƙuri'a". Kafin siyasar jam'iyyu ta ja ta zuwa akwatin zaɓe, ma'anarta ita ce fitar da rabo ba da son ran kowa ba, kuma har yau ana yin ta a rabon gado da na filaye da tsara kwasar adashi. Tana da gindin zama a addini, tunda sananne ne cewa Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin iyalansa in zai yi tafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne sharaɗinta: ba a yin ƙuri'a sai an daidaita kason, ta yadda ba wanda zai ce wannan ya fi wancan. Wannan kuwa shi ne ainihin hujjar da masana ladubban likitanci suke kafawa, cewa ba ya halatta a raba marasa lafiya ta wannan hanya sai in ba a san wane ɓangare ya fi ba. Kalma ɗaya ta ɗauko hanyar da dalilinta. Abin da ake buƙata kawai a ƙara mata bayani, a ce ƙuri'a irin ta rabon gado, don kada a zaci ta zaɓe ce.

3.3 Ɓoye Awo da Ƙwayar Kwatance

Turawa suna siffanta binciken da likita da mara lafiya ba su san abin da ake sha ba da kalmar makanta. Na taɓa ganin an ɗauko ta yadda take an rubuta "binciken makanta biyu". Ba sai an faɗi abin da uwa za ta fahimta ba. "Rufa-rufa" kuma zargi ce. A nan babu kalma guda, sai jimla: ba ke ba, ba likita ba, babu wanda zai san awon da yaron yake sha sai an gama, amma yana rubuce a wurin masu kula, kuma za a buɗe nan take in lafiyarsa ta buƙaci haka.

Haka ma ƙwayar da ba ta da sinadarin komai, wadda akan bai wa rukuni ɗaya a wasu bincike don a sami abin aunawa. An kira ta "maganin bogi" da "jabu" da "na ƙarya", a ƙasar da jabun magunguna suka hallaka mutane har hukumar NAFDAC take yaƙi da su. Na so in ce holoƙo, amma kalmar raini ce. Ina ba da shawarar "ƙwayar kwatance", tunda aikinta ke nan.

3.4 Haɗari da Yiwuwa

Da ma tsakanin "hadari" na ruwan sama da "haɗari" na halaka lanƙwasa ɗaya ce, wadda mai buga takarda yakan yar. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne yadda ake faɗin yiwuwa. Hausa tana da matakala mai kyau, daga "tabbas" zuwa "galibi" da "wani lokaci" da "ba kasafai ba" har "da wuya", amma masu fassara sukan tattara su duka a cikin "zai iya", sai ciwon ciki na kwana ɗaya da mutuwa su zo da nauyi ɗaya. Manazarta nahawu kuma za su lura da wani tarko. Lokaci mai zuwa na biyu, wanda shi ne ya fi dacewa da abin da ake fata ba a tabbatar ba, karin sauti ne kaɗai ya raba shi da shuɗaɗɗen lokaci a wasu wakilan suna. A baki "ya warke" mai faɗuwar sauti fata ne, mai hawan sauti kuma labari ne. A rubutun yau da kullum ba a nuna karin sauti, don haka nas ɗin da ke karanta wa uwa takarda tana iya mayar da fata ya zama labari ba ta sani ba. Ya kamata a guje wa wannan siga baki ɗaya a irin waɗannan takardu.

4.0 Yarda

Ko an gyara duk kalmomin nan, saura amsar da za a karɓa. "To" a bakin Bahaushe ba kullum take nufin amincewa ba. Sau da yawa tana nufin na ji, ko na girmama ka, ko ba zan yi musu da kai a gaban mutane ba. Mace tana iya cewa "to" alhali abin da ke ranta shi ne sai ta shawarci maigida. Dangwala yatsa kuwa a kotu da cinikin gona da karɓar bashi aka san shi, wato abu ne da in an yi ba a warwarewa. Ga shi kuwa ƙa'idar bincike ta ba mai shiga damar fita duk ranar da ya so ba tare da an rage masa kulawa ba. Mutumin da ya tashi yana jin alkawari kaya ne ba zai ɗauki wannan dama da gaske ba sai an maimaita masa ita, an kuma nuna masa cewa yatsan shaida ne na an yi masa bayani, ba ɗaurin alkawari ba.

Kada a ɗauka wannan ƙwaƙule-ƙwaƙulen malaman harshe ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu. Da maganar ta fito a jaridar Washington Post a ƙarshen 2000, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka yi jayayya a kai shi ne yarda. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma sun amince da baki. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Babu rubutacciyar yardar iyaye da za ta raba gardama, balle a san kalmomin da aka furta. An sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Kafin nan, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin abin da masu ƙin allurar suka riƙa kafa hujja da shi.

Bayan wannan ne, a 2007, aka fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kwamitin da ke kula da shi gindin doka. Kundin ya nemi a yi bayani da harshen da wanda ya yi shekara tara a makaranta zai fahimta. Sharaɗi ne mai kyau, amma awon boko ne. Da yawa daga cikin iyayen da ake magana a kai allo suka yi, da ajami suke karatu, wasu kuma Hausar ma harshe na biyu ce gare su, kamar yadda ake samu a Jos da Yola.

5.0 Rabon Manazarta Harshe

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi ba baƙo ba ne gare mu. A 1990 an buga ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2017 kuma ayarin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya fitar da jerin kalmomin ƙanjamau da Ebola a Hausa da Ibo da Yarbanci. Sai dai na lura jerin kalmomi kaɗai ba zai wadatar a nan ba, domin rabin matsalolin da muka gani jimla suke nema ba kalma ba. Ina kuma kyautata zaton abokan aikinmu na Yarbanci da Ibo da Tibi za su tarar da irinsu in suka duba takardun asibitocinsu.

Akwai kuma yadda ake tantance fassarar. Abin da aka saba shi ne a ba wani mutum dabam ya mayar da Hausar zuwa Turanci, a gwama da ta asali, in sun yi daidai a ce fassara ta yi. Wannan hanya tana fifita mai bin kalma da kalma. "Binciken makanta biyu" zai koma Turanci sumul ya wuce, "ƙuri'a irin ta rabon gado" kuwa za a ja mata layi a ce babu gado a takardar asali. Haka ta faru da ni. Sakin layin da na sake rubutawa ya ce: "Likitoci ba su san wanne ya fi ba, shi ya sa ake wannan gwaji. Ba likita ne zai zaɓa wa ɗanki ba, ƙuri'a za a yi irin ta rabon gado." Aka dawo mini da shi da tambaya. Na roƙi a karanta siga biyun ga mata biyar-biyar a bakin asibiti, a ce kowace ta maimaita abin da ta ji da bakinta, a rubuta yadda ta faɗa. Abokin nawa ya ce zai kai shawarar gaban kwamiti, amma sai an nemo wanda zai biya masu karantawar, domin kasafin binciken bai ware wa fassara komai ba in ban da kuɗin buga takarda.